Ba a Hura Kara a Ruga

Duk matashin da ya leƙo shagona a bakin kasuwar Dakoro yana son koyon hasken fim, tambayarsa ɗaya ce: ina ake sayen fitilar nan mai maɓallin wuta? Wai kana danna ta sai ta kama rawa kamar an hura itace. Akwai ta, na gan ta a hannun wasu masu kamera da suka zo daga Yamai, na kuma kalli fim ɗin da suka yi da ita. Wutar murhun tsohuwa, da ta maƙeri, da ta mai tsire, duk rawa ɗaya suke yi, ku kuma kuka tafa kuka ce ya yi kyau. To ku ajiye salular nan ku zauna, in gaya muku yadda ake hura wutar da ba ta ƙona komai.

Sunana Isufu, amma a garin nan in ba ka ce Isufu Ampul ba, babu wanda zai nuna maka gidana. A Maraɗi na koyi aiki, wurin Malam Hamisu Dogo, mai gyaran lantarki da ke yi wa ƴan wasan kwaikwayo haske. Na je da zumuɗin a ba ni waya da filaya. Shi kuwa ya kai ni madafin matarsa, ya zaunar da ni na ba murhu baya, fuskata na kallon bango. Kullum da asuba in tana dama koko ina nan zaune kamar wanda aka yi wa horo. Sai ya leƙo ya ce, "Mi ka gani?" In ce, "Wuta, maigida." Ya ce, "Ƙarya kake, wuta tana bayanka." A kwana na biyar na gaji na ce masa hasken daga ƙasa yake tasowa, inuwar kaina tana hawa bango tana sauka, saman bangon ya fi ƙasansa motsi, kuma ko harshen wutar ya kwanta, ɗakin ba ya yin duhu gaba ɗaya. Ya ce, "To, yanzu ka hwara aiki." Ranar ya ba ni filaya.

Kayan aikin ba su da yawa, duk suna shiga buhu ɗaya a bayan moto, wato babur ɗina. Akwai katako mai ampul uku, wato ƙwan lantarki, irin na da masu zare a ciki, don waɗannan farare na yanzu ba su san a rage su ba, ko dai su kama ko su mutu. Ɗaya daga cikin ukun ba ya motsi, shi nake kira uwa, shi ke riƙe fuskar mutum. Sauran biyun kuwa sai in haɗa kowanne da ɗan ƙaramin abin nan da ke tayar da doguwar fitilar neyon, wanda muke kira sitata. In ka sa shi a kan wayar ampul, sai ya riƙa kamawa yana saki ba bisa ƙa'ida ba, kuma biyun ba sa taɓa haɗa baki. Launi kuwa, kada wanda ya ruɗe ku da jar leda, narkewa take yi ta cika ɗaki da wari. Takardar buhun siminti za ka samu, ka shafe ta da man gyaɗa, ka kafa ta tazarar taƙi guda daga ampul. Sai ƙwarya da na manne cikinta da takardar shayi mai ƙyalli don mayar da haske, da wani tsohon faifai da na tsattsaga don kaɗawa a gaban fitila, da maɓallin rage gudun fanka wanda na ciro daga wata fanka da ta mutu. Da shi nake ɗaga haske ina sauke shi da hannu.

Za ku ce me ya hana a hura ta gaske kawai a huta. Ni ma na taɓa faɗin haka. Wata shekara muna ɗauka a wani ƙauye ta wajen Kornaka, mai fim ya ce shi ta gaske yake so, ni kuma na yarda, har ni na jera karan. Iska ta juyo, tartsatsi ya kama zana, zana ta miƙa wa rumfar da wani bawan Allah ya tara harawar awakinsa. Ba wanda ya ji ciwo, amma harawar ta tafi ƙurmus. Mutumin bai zage mu ba, ya dai tsaya yana kallon tokar, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ko'ina. Shekarar nan babu mai garin da ya bar mu muka kafa kamera, na koma gyaran cocila da rediyo a rumfar wani abokina. Tun daga nan ban sake haɗa ashana da kamera a wuri ɗaya ba.

Masu kawo mini aiki kala-kala ne. Akwai ƴan wasan kwaikwayo, akwai mawaƙa masu son a ɗauke su kusa da wutar shayi, akwai ƴan furoje, wato ƙungiyoyin raya karkara, masu fim ɗin faɗakarwa. Na yi shekaru ina hura musu wuta da katakon nan, kowa na yabo, har na fara jin babu irin wutar da ban sani ba. Sai ga Buba.

Buba direban babbar mota ne, yana zaune Agadas da iyalinsa, amma ɗan ruga ne daga arewacin Bader Gula. Ya zo shagon tare da Lawali mai kamera, wanda muka daɗe muna aiki tare. Ba fim na sayarwa yake so ba. Mahaifiyarsa, Inna Jumma, ita kaɗai ta rage da ta san jerin shanun gidansu, wace saniya ta haifi wace, tun daga wadda kakansa ya fara da ita. Yawancin garken ya ƙare a shekarun fari, shi kuma ya bar kiwo tun yana saurayi, ƴaƴansa ko Fillanci ba sa ji sosai. Ya daɗe yana roƙon ta ta faɗa a ɗauka tana ƙi. Bana ta yarda, amma sau ɗaya, kuma a bakin wuta, don mijinta bai taɓa jera sunayen shanu a wani wuri ba sai nan.

"To ku hura mata mana," na ce, don in ji ta bakinsa.

"Likita ya hana ta shaƙar hayaƙi, tari gare ta," in ji Buba. "Kuma ciyawa ta bushe, Arɗo ya ce ba a hura wuta sai cikin rami. Gobe da sahe ruga za ta tashi, su gangara gonakin Ajekoriya cin kara. Ni ma yau da marece mota na jira na. In ba yau ba, Malam Isufu, ban san ran da za ta sake yarda ba."

Da hantsi muka isa rugar, shanu sun fita kiwo, abin da nake so ke nan don ƙarar gurup, ƙaramin injin wutar da muka zo da shi, ba ta yi musu daɗi. Na kai gurup ɗin bayan wani tudu, na share ciyawa kewaye da shi har sai da na ga yashi tsantsa, na jawo doguwar waya zuwa bukkar tsohuwar. Muka lulluɓe bukkar da barguna da tamfol har ciki ya yi duhu. Na kafa katako a ƙasa, na jera ƴan itatuwa a gabansa don su ɓoye shi, na kunna. Wuta ta tashi tana rawa a jikin tabarmi gwanin sha'awa. Lawali ya leƙa kamera ya ɗaga mini babban yatsa. Na gyara hula, na ce a shigo da Inna.

Buba ya riƙo hannunta. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, farar yana ta rufe mata idanu duka biyu, ba ta gane fuska, sai dai haske da duhu. Ta zauna a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen katakona. Can ta ce, "Wa ya hura kara a rugata?"

Buba ya ce, "Inna, ba wuta ba ce, hitila ce, na gaya maki."

"Na san hitila ce, ban ji zahi ba, ban ji hayaƙi ba. Amma wutar kara ce. Dube ta, tana tsalle tana hwaɗuwa. Kara abincin shanu ne, Buba. Tahiyar kwana nawa za mu yi gobe don shi? Ubanka bai taɓa ƙona abincin saniya ba, sannan ni in zauna gaban wutar kara in kira sunayensu? Ɗiyanka su gani su ce haka muke?" Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni."

Ya roƙe ta da Fillanci, ya roƙe ta da Hausa, ta ce ta gama magana. Ta fita ta koma gindin wata aduwa ta zauna. Lawali ya matso kusa da kunnena ya ce, "Tsohuwar da ba ta gani, mi ta sani ga haske?" Na ce masa ya yi shiru, don ni kunya ce ta kama ni har wuya. Ni ɗan manomi ne. Murhun uwata kara, murhun matar maigidana kara. Ashe duk shekarun nan wuta ɗaya na iya, ita nake ta sayar wa mutane, in ce musu ga ta shayi, ga ta daji. Babu wanda ya taɓa kama ni sai wadda haske kaɗai ya rage mata.

Buba yana tsaye yana duban rana, yana duban agogo. Na tambaye shi me suke hurawa. Ya nuna mini bayan bukkoki, inda matar yayansa, Hajjo, ke dafa madara a wani ɗan rami, da busasshen kashin shanu. Na je na tsuguna, amma cikin rana ba abin da ake gani sai farar toka. Na roƙi Hajjo ta sauke tukunya, na jawo bargo na lulluɓe kaina da ramin gaba ɗaya. Ku zo ku ji dariya! Matan ruga suka taru suna cewa Bahaushe ya zo turare da kashin shanu. Hayaƙi ya shiga idona, hawaye na zuba, ina tari, amma na buɗe ido na duba tafin hannuna da cikin bargon. Wutar nan ba ta da harshe. Ja ce, a kwance take, ba ta tsalle ko kaɗan. In iska ta ratsa sai ta ɗago a hankali, sannan ta koma a hankalin da ya fi na ɗagowar, kamar numfashin saniyar da ta kwanta tana tuƙa. Na fito da jajayen idanu na ce wa Buba ya ba ni rabin awa.

Na cire sitata duka biyu na jefa aljihu. Na haƙa ɗan rami a tsakiyar bukka na sauke katakon ciki, na ninka takardar siminti biyu don launin ya ƙara ja, na kwashe itatuwan da na jera, Hajjo ta kawo mini busasshen kashin shanu na kewaye bakin ramin da shi. Ampul biyu na ɗaura a kan maɓallin fanka, ya zama hannuna ne kaɗai zai motsa su. Lawali ya leƙa ya ce duhu ya yi yawa, kamera ba za ta ga ƙwayar idonta ba. Sai na juya uwa ta kalli cikin ƙwaryar mai takardar shayi, na kwantar da ƙwaryar a ƙasa yadda hasken zai dawo a tausashe daga ƙasan haɓa. Ya sake leƙawa ya ce zai iya aiki da haka.

Saura tsohuwa. Buba ya je ya dawo yana girgiza kai. Sai na je da kaina, na cire takalmi na durƙusa.

"Inna, sannu da hutawa. Ni ne mai hitilar. Na yi kuskure, ki yi mani aikin gahwara."

"Kai ne Kaɗon da ya sa kai cikin bargo?" Haka Fulani ke kiran Bahaushe in suna son tsokana.

"Ni ne, Inna. Ba magana na zo roƙo ba. Na sake hura wata, amma ban iya ba. Ki zo ki gyara mani, in ya so ki komo inuwarki."

Ta yi ɗan murmushi. Ban taɓa ganin tsohuwar da aka ce ta zo ta gyara wa namiji wuta ta ƙi ba. Ta miƙo hannu, ni na riƙe ta har cikin bukka.

Na kwanta rub da ciki a bayan Lawali, maɓalli a hannuna, na fara ɗagawa ina saukewa. Ta juya fuska ta saurara da idanun nan nata.

"Rage," ta ce. Na rage. "Ƙara kaɗan. A'a, kana sauri. Wa ke korar ka? In ta tashi, bar ta ta jima kahin ta kwanta." Na bi yadda ta ce. "Awo. Amma ta yi tsabta da yawa, wuta ba ta tashi daidai kullum. Wani lokaci ta yi kamar za ta mutu." Na sauke har fuskarta ta kusa ɓacewa, na bar ta a nan. Sai na ga ta sunkuya, ta tara iska a baki, ta hura ramin kamar yadda ta yi shekara da shekaru tana yi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya murɗa. Ja ya taso ya cika mata fuska, ya hau tabarmin bayanta, sannan na bar shi ya koma a hankali.

Ba ta ce ya yi ba. Ta dai gyara zama, ta ja mayafi, ta fara magana da Fillanci cikin wata murya da ba ita ta yi mini faɗa da ita ba. Na shuri ƙafar Lawali. Allah ya taimake mu, ashe Lawalin ya riga ya danna kamera.

Fillancina na kasuwa ne, amma sunayen shanu ba sa ɓuya. Saye ta haifi Ole a shekarar da rijiya ta rufta. Ole ta haifi Nyale da wani bijimi da aka yanka ranar sunan Buba. Nyale ta haifi uku, biyu fari ya ci. Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu, in ta zo kan wadda ta mutu sai ta ɗan dakata. A nan ne aikin yake, ku da kuke cewa danna maɓalli ne. Ba ka da damar kallon hannunka, ita za ka kalla. In ta dakata ka bar wutar ta kwanta. In ta sunkuya ta hura, ka ɗaga, kuma kada ka riga bakinta, kada ka makara. Bukka a lulluɓe da rana tsaka, gumi na shiga idona, yatsuna sun ƙage, ƙafata ta mutu, ban isa in motsa ba don tabarma tana ƙara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san Lawali ya sauya katin kamera sau ɗaya ba tare da ta lura ba.

Buba yana zaune a bakin ƙofa, a wajen hoton. Ya gaya mini tun a hanya cewa ya san inda jerin zai ƙare, a kan wata Woɗe da ta faɗi a hanyar rijiya shekarar da ya bar gida. Da ta iso kan Woɗe sai na ji ya sauke numfashi, ni ma na fara shirin sauke haske. Amma tsohuwa ba ta tsaya ba. Ta juya ta koma Hausa, ina jin don jikokinta na Agadas su ji da kyau.

"Woɗe ta hwaɗi, amma ta bar maraƙa. Ubanka ya kai ta garken kawunka, ya ce kada a gaya maka sai ran da ka tambaya da bakinka. Ita ta haihi Wule. Wule tana nan, tana cikin waɗanda sunka hita kiwo yau da sahe, ciki gare ta. Taka ce, Buba. Ba ka tambaya ba sai yau."

Na ji wani sauti daga bakin ƙofa, ban waiwaya ba. A aikinmu ba a waiwaye. Na riƙe wutar a kwance, ja kaɗan, yadda za a ga bakinta da hannunta, na bar ta a haka har ta gama addu'a ta shafa.

Sannan ta laluba gefenta, ta dumbuzo yashi cike da hannu biyu, ta watsa cikin ramin. Lawali ya zabura zai yi magana, na daka masa harara a cikin duhu. Ta sake dumbuzowa ta watsa, ni kuma ina saukewa da kowane watsi, har na uku ya rufe takardar, ampul ɗin nan da nake kira uwa ya fashe a ƙarƙashin yashin, na kai maɓalli ƙarshe. Bukka ta yi duhu.

Lawali ya ce a hankali, "Ƙarar hwashewar ta shiga. A sake wurin nan?"

"Ba a sake komi," in ji Buba. "Haka take kashe wuta tun ina yaro."

Tsohuwa ta tattaɓa yashin da tafin hannu ta ji ko da saura, sannan ta ce a ɗage bargo ta sha iska. Da haske ya shigo ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Kaɗo, ka sha nono kahin ka tahi."

Na sha ƙwarya guda. Na tono katakona na kakkaɓe, na naɗe waya, na ɗaure buhu a bayan moto, na ce wa Buba mu kama hanya kada motarsa ta gaji da jira. Ya ce mu je kawai ni da Lawali, zai buga wa mai motar ya nemi wani direba na kwana biyu. Muka bar shi a kan tudu, ya kare ido da hannu, yana duban inda shanu za su ɓullo.